In Kana Neman Gaskiyar Ƙauye, Saurari Turmi

Makon jiya 'yar wana ta kira ni daga makaranta, muryarta na rawa. Tana ajin ƙarshe a jami'a, kuma kundin kammala digirinta a kan yadda cire tallafin man fetur ya taɓa manoman ƙauyenmu ne, can tsakanin Ringim da Taura. Malamin da ke duba aikin ya ɗauki jan biro ya soke mata babi guda cur. Hujjarsa ita ce wai wannan waƙa ce, ba bincike ba.

"Baffa, babin da na fi shan wahala a kansa ke nan," in ji ta. "Kuma shi ne wanda na tabbata babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa."

Na kwana da abin a raina. Ba na zargin malamin da mugunta, abin da aka koya masa ya yi aiki da shi. Amma ya yi kuskure, kuma kuskuren ba nasa ne shi kaɗai ba.

Ga inda na tsaya. A ƙasar Hausa, musamman a karkara, waƙa hanya ce ta gano halin da mutane ke ciki, kuma idan ƙasa ta hargitse babu hanyar da ta kai ta saurin kai mai bincike ga abin da ke zuciyar talaka. Ya kamata jami'o'inmu su karɓe ta a matsayin hujja, su koya wa ɗalibai yadda ake tattara ta a tace ta, har su bar wanda ya iya ya bayyana sakamakon bincikensa da ita.

Amsar fom da amsar turmi

Yarinyar nan ta zo gida hutun damina da takardun tambayoyi 120 a jaka. Gida-gida ta bi, tana karanta wa mutane tambaya tana sa alama, domin yawancinsu ba sa karatun boko. Babbar tambayarta ita ce yaya rayuwa take tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da shugaban ƙasa ya ce tallafi ya tafi, litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki.

Abin da ta yi ta ji shi ne "da sauƙi", "mun gode Allah", "ana lallaɓawa". Wani dattijo da duk gari ya san ya sayar da injin ban-ruwansa ya dube ta ya ce, "'Yar nan, rubuta lafiya lau."

Da la'asar ta dawo gida a gajiye, ta tarar da goggonta da matan gidan suna surfe. Wannan kansa abin lura ne. An daɗe da inji ya karɓe aikin surfe da niƙa a garinmu. Tsadar mai ce ta sa mai inji ya ninka kuɗinsa, mata suka koma suka karkaɗe turamen da aka kife a bayan rumbu. Suna lugude suna rerawa:

Tiya ta hau, gishiri ya hau,
Ni ce kawai ban hau ba.
Ya bar gero tsaye ya yi kudu,
Har yau bai ce ya sauka ba.

Ta ciro waya ta naɗa.

A duba ɗango na uku da kyau. Ci-rani da sunansa, sai an yi girbi an kai amfani gida magidanci yake ɗaura kaya. Mutumin da ya bar gero tsaye a gona ya kama hanyar kudu, wani abu ne ya kore shi. Babu tambaya ko ɗaya a fom ɗinta da ta taɓo wannan, domin wanda ya tsara fom ɗin bai san akwai shi ba, ita ma ba ta sani ba.

Washegari ta koma wurin matan ta ce, "Goggo, wai wa ya bar gero tsaye?" Sai baki ya buɗe. Suka shiga lissafa mata gida bayan gida inda maigida ya tafi da tsakiyar damina, saboda babu kuɗin taki, babu na 'yan ƙodagon da za su yi maimai, ya jinginar da gonar ko ya bar wa yara ƙanana. Ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar. Wannan shi ne babin da aka soke.

To ni a ganina bincike ke nan tsantsa. Ta ji magana, ta ɗauki zato daga cikinta, ta fita ta gwada zaton, ya tabbata. Da wani Bature ne ya faɗa mata a littafi cewa ta duba lokacin da maza ke barin gida, da an yaba mata.

Dalilin da ya sa fom ba ya jin gaskiya

Na yi shekaru ina aikin malamin gona, na ɗauki irin waɗannan takardu a bayan babur na zaga ƙauyuka da su. Abin da na koya shi ne, a wurin mutumin karkara takarda iri biyu ce, ko ta haraji ko ta tallafi. In ya zaci ta haraji ce, awakinsa goma sai su koma uku. In ya zaci ta tallafi ce, 'ya'yansa shida sai su zama goma sha biyu. Ba halin ƙarya ba ne, tarihi ne ya koya masa. Kakanninsa sun ga yadda malaman haraji ke ƙirga kawuna da shanu, kuma haraji da jangali ba su bar tsohuwar jihar Kano ba sai da Abubakar Rimi ya soke su bayan hawansa mulki a 1979. Masu shekara sittin a yau sun ga an ɗaure mutum a ƙofar dagaci saboda kuɗin haraji.

Sannan akwai rufin asiri. Magidanci ba zai dubi 'yar cikinsa, a gaban mai unguwa da 'yan kallo, ya ce jiya ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Mutunci ya hana, tawakkali ma ya hana, domin yana ganin kamar kai ƙarar Ubangiji ne. "Lafiya lau" ɗin dattijon nan gaisuwa ce, ita kuma yarinya ta rubuta ta a gurbin amsa.

Waƙa kuwa tana da lasisin da magana ba ta da shi. Habaici ba ya kama suna. Matar da ba za ta taɓa cewa mijinta ya gaza ba tana iya cewa "ya bar gero tsaye" a bakin turmi, kowa ya gane, babu wanda ya ji kunya. Mun san haka tun muna yara. Amarya da uwargida a waƙar daka suke faɗa wa juna magana, 'yan mata a gaɗa suke ƙin mijin da aka zaɓa musu. Abin mamaki shi ne da zarar mun shiga jami'a sai mu manta.

Magabata ba su raba waƙa da ilimi ba

Wanda ya ce waƙa ba madogarar bincike ba ce, sai ya faɗa mana daga ina muka san tarihin jihadin 1804. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya tattara waƙoƙinsa a Tazyinul Waraƙati, yana kawo waƙa yana bayyana abin da ya faru har ya yi ta, kuma masana tarihi har yau da shi suke kafa hujja. A ciki ne ya bayyana ɓacin ransa da ya ga wasu daga cikin jama'a sun karkata ga mulki da dukiya, har ya bar rundunar da niyyar tafiya gabas, ya sauka a Kano. Da bai yi waƙar ba, da ba mu san cewa tun ana tsakiyar gwagwarmayar akwai mai sukar ta daga cikin gida ba.

Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta kai karatu ƙauyuka ta hannun mata malamai da ake kira jaji da ɗalibansu 'yan taru, a lokacin da yaƙi ya watsa mata da yawa. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934, da waƙa ya rubuta zuwan Nasara, yana jera garuruwan da suka ci. Turawa sun rubuta yadda suka shiga Kano a 1903 da yadda suka yaƙi Hadejia a 1906 har Sarki Muhammadu ya yi shahada. Rahotanninsu na nan a gidan adana takardu na Kaduna. Amma rahoton mai nasara ne. Yadda abin ya yi wa waɗanda aka ci zafi, a baitoci aka ajiye shi.

Kuma waɗannan mutane ba da ka suke rubutu ba. Marubucin waƙa na da yakan rufe da sunansa da na garinsu, ya faɗi yawan baitocinsa don kada a ƙara ko a rage, ya sa shekarar da ya gama a ramzi, wato haruffan da ke tsayawa a madadin lambobi. Wannan fa shi ne abin da ake koya wa ɗalibi yau da sunan ƙa'idar bincike: wa ya faɗa, a ina, yaushe.

Da aka zo zamanin neman 'yancin kai, muhawarar makomar Arewa ma a waƙa aka yi ta. Sa'adu Zungur ya yi tasa yana auna jamhuriya da mulukiya, Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da cewa jamhuriya kawai. Mu'azu Hadejia yana aika nasa baitocin ana bugawa a Gaskiya Ta Fi Kwabo. Jam'iyyar adawa ta NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ba ta da gidan rediyo, ba ta da dagatai, magoya bayanta ana kama su ana ɗaurewa a kotunan En'e. Da bakin mawaƙa irin su Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu manufarta ta isa ƙauyen da ba a taɓa ganin jarida ba. Abokiyar hamayyarta NPC ita ma da nata mawaƙan ta mayar. Duk mai son sanin abin da talakan Kano ya fahimta da kalmar sawaba, can zai je ya duba.

Wannan ba sabon abu ba ne a sashen Hausa. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan waƙar baka tun 1975, Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau sun ƙarar da rayuwarsu a nazarin waƙa. Matsalar ita ce an killace waƙa a sashen harshe, ana auna karinta da amsa-amonta, alhali sashen tattalin arziki da na zamantakewa da na kimiyyar siyasa, waɗanda suka fi kowa buƙatar abin da ke cikinta, suna kallon ta a matsayin nishaɗi.

"Ai mawaƙi maroƙi ne"

Wannan ita ce suka ta farko da za a yi mini, kuma tana da ƙarfi. Mun ga mawaƙin da ya wasa ɗan takara bana, baɗi ya yi masa zambo saboda an canza mai biya. Wa zai gina bincike a kan bakin da kuɗi ke juyawa?

Amsata biyu ce. Ta farko, goggon yarinyar nan babu wanda ya yi mata liƙi. Yawancin waƙar da nake magana a kanta ba ta sayarwa ba ce. Ta bakin turmi ce, da ta 'yan gayya, da ta masu yankan shinkafa, da ta malamin makarantar allo da ke rubuta ƙasida da ajami ya ajiye a gafaka. Mun saba da mawaƙan situdiyo har mun ɗauka su kaɗai ne.

Ta biyu, waƙar kuɗin ma hujja ce in an san yadda za a karanta ta. Mawaƙin da aka biya ya san abin da jama'a ke son ji, da shi yake cin abinci. In ka ga duk mawaƙan jam'iyyu, na gwamnati da na adawa, sun koma ambaton taki da farashin masara, ka san inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi ke nan. Sanarwar ma'aikata ma ai mai biyan albashi ne ya sa aka rubuta ta, kuma ba mu hana ɗalibi kafa hujja da ita ba. Cewa muke ya duba wanda ya rubuta da dalilinsa. A yi wa waƙa haka.

"Ba a ƙirga ta"

Gaskiya ne. Ɗango huɗu ba za su gaya maka kashi nawa cikin ɗari na mazan Jigawa suka bar gona ba. Ban ce a jefar da ƙididdiga ba, yarinyar ma ba ta jefar da fom ɗinta ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, kuma muna buƙatar wannan adadin.

Sai dai akwai tambayoyin da adadi ba ya iya ɗauka. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya, nan kusa da mu, mutane suka fito kwasa, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙan su. Babu gidan da bai yi zaman makoki ko ya je ta'aziyya ba a yankinmu. Jaridu sun kawo adadin, masu sharhi a birni suka ce jahilci ne da kwaɗayi.

Bayan 'yan makonni na je kasuwar Gujungu, na tarar da wani makaho da ɗan jagoransa a gefen 'yan hatsi yana rera baitocin da ya tsara a kan abin. Ya jero ƙauyukan da suka yi rashi, ya yi addu'a, sannan a wani baiti ya yi lissafin kwana nawa galan ɗaya na mai zai ciyar da gida. Mutane suka tsaya cak. Na ga wani mai awo ya ajiye tiyarsa yana share ido da hannun riga. Babu wanda ya ce kwasar man daidai ce, makahon ma bai ce ba. Amma ya amsa tambayar da kowa ke yi, wato me zai sa mai hankali ya ruga wurin da ya san wuta na iya tashi. Wace takardar tambaya ce za ka kai wa uwar da ta binne 'ya'ya biyu ta ba ka wannan amsar?

Mutanenmu ma da suna suke riƙe tarihi. Yunwar 1914 har yau Ƙaƙalaba ake ce mata. Sunan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da aka gani.

"Waƙa tana rura wuta"

Nan ne na fi jinkiri kafin in amsa, domin na ga ɓarnar da baki ke yi. Tun daga 2019 da aka ƙirƙiro sababbin masarautu a Kano, zuwa tuɓe sarki a watan Maris na 2020, zuwa mayar da shi a watan Mayun 2024, babu irin zambon da bai zaga wayoyin mutane ba. Na ji waƙar da ta zagi iyayen mutum, na ji wadda ta raba 'yan uwa a majalisa ɗaya. Da sojojin baka a rediyo da mawaƙan haya, sun sa siyasa ta koma cin mutunci. Ba na kare wannan. Alƙur'ani ma da ya zargi mawaƙa a ƙarshen Suratus Shu'ara, ya ware waɗanda suka yi imani suka yi aiki nagari suka kare kansu bayan an zalunce su. Ke nan tun asali an san iri biyu ne.

Amma a tuna abin da ya faru ranar 1 ga Agusta, 2024. Matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, abin ya rikiɗe ya koma fashe-fashe da asarar rayuka, aka sa dokar hana fita a Kano da Jigawa. Daga baya muka ga yaran da aka kama suna faɗuwa a gaban kotu a Abuja saboda galabaita. Manya suka yi ta cewa abin ya zo musu ba zato.

Mu a ƙauye bai zo mana ba zato ba. Shekara guda cur ana rera shi. Yara masu tallar gyaɗa sun rera, 'yan acaɓa sun rera, matan aure sun rera. Ruwa ba ya tsami banza. Da akwai wani ofishi ko wata cibiyar bincike da ke sauraren abin da ake rerawa a kasuwanni da tashoshin mota, da ta rubuta wa gwamnati gargaɗi tun da sauran lokaci. Waƙar ba ita ta kunna wutar ba, hayaƙinta ce, kuma an ga hayaƙin aka kau da kai.

Ina kuma ganin mutumin da ya zauna yana neman kalmar da za ta dace da amsa-amo, yana auna baiti yana gyarawa, ya riga ya fara sarrafa fushinsa. Dole ya tsaya ya tambayi kansa me ke damunsa takamaimai, wa ya jawo, me yake so a yi. Na fi tsoron matashin da ya yi shiru.

Shi kansa mai binciken zai iya yin waƙa?

Nan wasu da suka yarda da ni tun daga farko za su ja da baya. Tattara waƙar mutane daban, in ji su, ɗalibi ya kawo sakamakonsa a waƙe daban.

A ƙasashen da muke kwaikwayon tsarin jami'arsu an daɗe da wuce wannan gardamar. A farkon shekarun 1990 wata masaniyar zamantakewa a Amurka, Laurel Richardson, ta yi doguwar hira da wata mata da ta haihu ba aure, ta ga cewa in ta yanyanka maganar ta zuba a jadawali matar za ta ɓace, sai ta tsara hirar ta zama waƙa da kalmomin matar kaɗai. An yi mata ca a lokacin. Zuwa 2007 har taron ƙasa da ƙasa aka fara yi a Kanada a kan wannan hanyar bincike. Ban kawo wannan don neman izininsu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne su da suka rabu da waƙa suna neman hanyar komawa, mu da take raye a tsakar gidanmu muna soke ta da jan biro.

Ga amfanin da na gani da idona. Kundin digiri da Turanci ake rubuta shi, a yi masa bango, a jera a kanta, ƙura ta rufe. Mutanen da aka yi wa tambayoyi ba za su taɓa sanin abin da aka ce sun ce ba. Ni kaina na cike takardu a ƙauyuka da dama, ban taɓa komawa na karanta wa kowa sakamako ba, kuma abin yana damuna har yau.

Yarinyar nan kuwa, kafin ta koma makaranta, ta tattara maganganun matan ta tsara baiti goma sha biyu, ta zaunar da su a tsakar gida bayan sallar isha ta karanta musu. Da ta zo wani ɗango da ta sa kalmar yunwa, goggonta ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Wa ya ce miki yunwa? Mu ba mu ce yunwa ba. Cewa muka yi tukunya ta huta."

"Goggo, ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne, 'yar nan. In kin ce yunwa kin tona wa mazanmu asiri. Mayar da abin da muka faɗa."

Ta mayar. A wannan daren ta koyi abin da babu littafin da ya koya mata game da yadda talauci da mutunci suke zaune a ɗaki ɗaya, kuma waɗanda aka bincika sun gyara wa mai bincike aikinta baki da baki. Da jadawali ta karanta musu, da babu wadda za ta tanka.

Ba ina nufin kowane ɗalibi ya rera abin da ya ga dama a ba shi digiri ba. Hanya ce mai sharuɗɗa, kuma ta fi raba fom wuya. A rubuta ranar da aka naɗi waƙa da wurin da kuma aikin da ake yi lokacin, domin waƙar surfe da ta biki ba nauyinsu ɗaya ba. A ajiye muryar yadda take. A bi abin da waƙar ta faɗa a tabbatar da shi ta wata hanya, kamar yadda ta bi gidajen nan. In mai bincike zai tsara baiti daga hira, kada ya cusa kalmar da ba a faɗa masa ba.

Sai babban sharaɗi, wato amana. Matar da ta yi habaici ga kansila a bakin turmi ba ta yi don a sa ta a TikTok ba. A ƙasar da ake kama mutum saboda abin da ya rera ko ya rubuta, ɗalibin da ya saki murya da suna zai iya jawo wa gida guda bala'i. A nemi izini, a ɓoye suna, wani lokaci har sunan garin. Wannan ma dalili ne na a koyar da abin a aji. Yanzu yara suna naɗa da waya ba tare da kowa ya nuna musu iyaka ba.

Muna da wuraren da za su iya ɗaukar nauyin wannan. Ga Jami'ar Bayero da Gidan Mambayya, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa da ƙauyuka suka kewaye ta ko ta ina. Ba kuɗi mai yawa ake nema ba. Malamin Hausa da na tattalin arziki su duba ɗalibi ɗaya tare, a kuma buɗe ma'ajiyar muryoyi inda abin da yara suka naɗo daga garuruwansu zai zauna da kwanan wata.

Na ce wa yarinyar ta bi umarnin malaminta, ta mayar da babin rataye a ƙarshen kundin, ta karɓi digirinta. Ba ni da ikon da ya wuce haka. Amma na roƙe ta kada ta goge komai daga wayar, ta kwafa a wuri biyu.

Goggonta ta tambaye ni a waya ko malaman sun karɓi waƙarsu. Na ce mata an sa ta a baya. Ta yi shiru, sannan ta ce to ai sun ƙara wasu baitocin tun bayan tafiyar yarinyar, domin biyu daga cikin mazan sun dawo, ɗaya kuma har yanzu babu labari.

A garinmu saura tsofaffi biyu da suka haddace waƙoƙin zamanin NEPU, da waɗanda aka yi lokacin da jam'iyyar PRP ta rabe zuwa Santsi da Taɓo. Su uku ne, ɗayan ya rasu bara da azumi, kuma shi ne ya fi su riƙe baiti. Babu wanda ya naɗi muryarsa. Mun yi da yarinyar cewa da zarar ta gama jarrabawa za mu je wurin sauran biyun, mu fara da wanda ya fi tsufa.